Daga Wuri zuwa Siminti: Tarihin Ajiyar Dukiya a Ƙasar Dungas da Magariya

1. Gabatarwa

Masu nazarin tattalin arziki a Turai da Amurka, idan suna son sanin inda al'amura suka dosa, abubuwa uku suke dubawa: kuɗin ruwan da bankuna ke ɗorawa kan bashi, da farashin gidaje, da kasuwar hannun jari. A wurinsu tashin farashin gida alama ce ta cewa jama'a na samu, bankuna kuma na ba da lamuni. Faɗuwarsa kuwa tana iya kayar da bankunan kansu, kamar yadda aka gani a Amurka a 2007 da 2008. Wannan ma'auni ya dace da ƙasar da mutum ke sayen gida da bashin shekara ashirin ko talatin. Tambayar da muke yi a nan ita ce: da wane ma'auni za a auna ƙasar da ba a gina gida da bashin banki, inda kuma kuɗi iri biyu ke yawo cikin kasuwa ɗaya?

Mun zaɓi ƙasar Dungas da Magariya, a kudancin jahar Damagaram, kan iyaka da jihohin Jigawa da Katsina na Nijeriya. Har zuwa 2011 gunduma ɗaya ce, hedikwatarta a Magariya. A shekarar ne aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 350 a Dungas, da kusan dubu 580 a Magariya. Yankin na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar.

Da yake nazarin harshe ne aikinmu, za mu bi tarihin ta hanyar kalmomi, domin kalma takan daɗe bayan abin da aka raɗa mata ya shuɗe. Abin da muke son nunawa shi ne: tsadar gona da fili da ake gani a wannan yanki, da yawaitar ginin siminti, ba su isa su zama shaidar wadata ba. Sun samo asali ne daga abubuwa biyu, watau ƙarancin ƙasar noma da rashin amincewa da takardar kuɗi. Za mu duba zamanin wuri, sannan zamanin gyaɗa, sannan zamanin naira da sefa, kafin mu zo ga shigar gona da gida kasuwa.

2. Zamanin wuri: arzikin mutane

A ƙarni na 19 Dungas, tare da Waca da Mirya, na cikin daulolin Sosebaki masu bin Barno, kafin Damagaram ta rinjaye su. Sarautar Magariya kuwa tana da asali da gidan sarautar Daura. Ƙasar tana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zindar, kuma kuɗin da ake ciniki da su wuri ne.

Kalmar kuɗi kanta jam'i ce, tilonta shi ne wuri. Asalin wurin daga tsibiran Maldib yake, cikin tekun Indiya. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya, watau azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza, a kan wuri 2500. A daidai wannan lokaci ƴan kasuwar Hambug sun soma jibgo wani wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Wurin ya kwararo arewa, darajarsa ta yi ta zubewa, har kafin ƙarshen ƙarnin abin da ake bayarwa a dala ɗaya ya kusa ninkawa. Ke nan hauhawar farashi ta riga Nasara zuwa wannan ƙasa, kuma kakanninmu sun san cewa kuɗin da aka binne a tukunya raguwa suke yi.

Saboda haka mai hali bai cika ajiye dukiyarsa a wuri ba. Yakan juya ta ta koma hatsi a rumbu, ko dabbobi, ko riguna da turkuɗi, ko doki. Wajibi ne mu ƙara da bayi, domin a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, bauta na cikin ginshiƙan arzikin Damagaram, a gona da kuma a fatauci. Harshen ya adana wannan tunani. A bakin makiyaya har yanzu dukiya na nufin dabbobi. Jarin da aka soma ciniki da shi kuwa uwar kuɗi ake ce masa, kuma a ganinmu daga garke aka aro wannan siffa: uwa ita ce ba a yankawa, abin da ta haifa shi ake ci.

Abu biyu ne ba su cikin wannan lissafi: gona da gida. Daji na da yawa, wanda ya nemi izinin sarki ya sare shi ya sami gona; abin da ke wuya shi ne hannun da zai nome ta. Shi ya sa masu nazarin al'ummar Hausa a Nijar, irin su Guy Nicolas da ya yi aiki a ƙasar Kance, suka mai da hankali kan abin da ake kira arzikin mutane: mata, da ƴaƴa, da barori, da duk wanda zai amsa gayyarka. Gida kuma mutanen da ke ciki yake nufi kafin ya nufi gini. Magidanci shi ne mai aure da iyali, ko da bukkar kara yake kwana. Ginin laka da zana da azara aikin gayya ne, damina ta ci shi, rani a gyara. Soro mai kwalliya na sarakuna ne da manyan fatake a Birnin Zindar. A ƙauye gida ba shi da farashi, tun da ba mai saye.

3. Iyaka, lanho da gyaɗa (1899 zuwa 1975)

Faransawa sun ci Zindar a 1899. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka tsai da iyaka, sannan ayarin Kyaftin Tilho da takwarorinsa na Ingila suka bi suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Layin ya ratsa kudu da Magariya da Dungas, ya bar Daura da Ɓaɓura da Maigatari da Gumel a hannun Ingilishi. Littafin William Miles na 1994, wanda ya kwatanta Yekuwa ta ƙasar Magariya da Ƴardaje ta ƙasar Daura, ya nuna yadda wannan layi ya raba ƙauyuka maƙwabta masu harshe ɗaya zuwa tsarin mulki biyu. Abin da ya dame mu a nan shi ne ya raba su zuwa tsarin kuɗi biyu.

Nasara ya ce lanho, watau harajin kai, da kuɗin Faransa za a biya shi. Kalmar dala sai ta tashi daga kan tsohuwar azurfa ta sauka kan ƙwandalar faran biyar, faran ɗaya kuma aka kira shi tamma. Har gobe da dala ake lissafi a kasuwannin Nijar: sefa 100 dala ashirin ce, sefa 1000 kuwa jika. Ita ma jikar tsohuwar kalma ce, daga buhun wuri 20,000. A Nijeriya ta sauka kan fam 100, daga baya naira 200. Kalma ɗaya, daraja biyu, gwargwadon gefen iyakar da mai magana yake tsaye.

Ina talaka zai sami dalar biyan lanho? Amsar ta zo daga kudu. Jirgin ƙasa ya soma aiki tsakanin Kano da Ikko a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma ƙasar jigawa ta Magariya da Dungas ta karɓi gyaɗa sosai. Daga shekarun 1930 kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suna sayen ta da kaka ta hannun dillalansu. Binciken John Collins a kan cinikin gyaɗa a Magariya, daga shekarun 1930 zuwa na 1970, ya nuna cewa gyaɗar takan tsallaka iyaka a ɓoye, wata shekara zuwa kudu, wata shekara zuwa arewa, bisa ga inda farashi ya fi kyau. Watau tun a lokacin manomin wannan yanki ya koyi kwatanta farashi biyu da kuɗi biyu kafin ya kwance buhunsa.

An ƙirƙiro sefa a watan Disamba 1945. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 ta ba ta cinikin gyaɗa zuwa waje, ta kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin abin da Nijar ke samu daga kayan da take fitarwa.

Kuɗin gyaɗa, bayan lanho, sun tafi ne wajen aure, da tufa, da keke, da rediyo, da shanu, da kujerar Makka. Mata kuma suka zuba nasu a awaki da kayan ɗaki. Jeren ƙorai ya ba da wuri ga jeren tasoshi da kwanoni, waɗanda ado ne a ido, amma kuma ajiya ce da mace za ta iya sayarwa ranar buƙata. Abin lura ne cewa kalmar kwano ɗaya ce ga abin da mace ke jerawa a ɗaki da abin da namiji ya soma rufa ɗakin da shi. Manyan dillalai su ne suka wuce nan. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya bi sawun yadda ribar gyaɗa ta koma motocin sufuri, da fataucin kaya zuwa Nijeriya, da gidajen haya a birni.

Wannan zamani ya ƙare da farin 1968 zuwa 1974, sannan cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Manoma suka koma ga wake, wanda kasuwarsa ke Nijeriya. Tare da dabbobi, da raken fadamun Korama, kusan duk abin da yankin ke sayarwa ya fuskanci kudu. Mai sayen da ke biya da sefa ya ja baya, mai biya da naira ya maye gurbinsa.

4. Kuɗi biyu, kasuwa ɗaya (1973 zuwa 2024)

Naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, daf da tashin farashin man fetur a duniya. A 1980, a farashin hukuma, jika ɗaya ta sefa ba ta kai naira uku ba. Samari suka kwarara cin rani Kano da Ikko, kuma naira ta zama kuɗin yau da kullum a kasuwannin bakin iyaka. Babbar kasuwar dabbobin da Dungas ke kai wa ita ce Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis.

A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki, ta sake launin takardun naira, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba don a canza tsofaffi. Wanda yake gefen Nijar da nairarsa a cikin akwati ya wayi gari da takardun banza. Wannan ya zo daidai da fari, iyakar kuma ba ta buɗe ba sai Maris 1986. Sunan da jama'ar Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar, watau El Buhari, ya isa shaida cewa sun ɗora alhakin wahalar a kan rufe iyaka kamar yadda suka ɗora shi a kan rashin ruwan sama. Daga Satumba 1986 kuma Nijeriya ta soma karya darajar naira.

Sefa ma ba ta tsira ba. Bankin BDRN, wanda shi ne banki mafi girma a ƙasar, ya durƙushe a 1990, kuma SONARA ta riga shi mutuwa. A watan Agusta 1993 aka daina fansar takardun sefa da suka fita wajen ƙasashen da ke amfani da ita. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka raba darajarta biyu: faran ɗaya na Faransa, da yake sefa 50, ya koma sefa 100. Masu dabbobi da wake sun ɗan ji daɗi na wani lokaci, tun da kayansu sun yi araha ga mai saye daga waje. Amma magani da taki da kayan gini da ake shigowa da su daga Turai suka yi tashin gwauron zabo. Tun daga 1999 sefa na ɗaure da yuro, a kan 655.957.

Shekarun baya-bayan nan sun maimaita darasin. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ƙarshen 2022 ta sake fasalin manyan takardun naira, aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, abin da ya taɓa sana'ar ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar har zuwa Maris 2024. A shekarar 2024 jika ɗaya ta sefa ta haura naira 2000.

Mene ne wannan ke haifarwa a aikace? Mu ɗauki mutumin da ya kai rago Maigatari. Da naira za a biya shi. Idan ya kai ta wurin ɗan canji, sefar da zai samu ba ta taka kara ta karya ba. Idan ya riƙe ta, kafin wata kasuwar ta rage daraja. Abin da ya fi masa shi ne ya juya ta nan take ta koma kaya: masara, ko taki, ko kwanon rufi, ko siminti. Rauni na naira yana rage ribar mai sayar da dabba, amma yana saukar masa da farashin kayan gini na Nijeriya. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, kuma mutanen iyaka sun daɗe suna riƙe kuɗi biyu saboda wannan dalili. Sai dai tarihin da muka zayyana ya nuna musu cewa gidajen biyu duk sun taɓa ƙonewa. Mai neman inda zai ajiye abin hannunsa sai ya waiwayi ƙasa.

5. Gona da gida sun shiga kasuwa

Ƙidayar 2001 ta sami kusan rabin miliyan a tsohuwar gundumar Magariya. Ta 2012 ta sami fiye da dubu 900 a gundumomin biyu da suka fito daga cikinta. Ƙasar noma ba ta ƙaru ba. Dajin da ake sarewa ya ƙare, barin gona ta huta ya zama tarihi, gandu ya yi ta tsagewa a kowane rabon gado. Lissafin ƙarni na 19 ya juye: hannu ya yi yawa, gona ta yi wuya.

Hausa na da kalmomi dabam-dabam na hanyoyin samun gona: gado, kyauta, aro, haya, jingina, saye. Tarihin shekaru hamsin da suka wuce shi ne tarihin tafiya daga farkon wannan jeri zuwa ƙarshensa. A watan Disamba 1974 Shugaba Seyni Kountché ya yi shelar cewa gona ta mai noma ta ce. Niyyar ita ce a kare talaka, amma masu gonaki suka soma ɗari-ɗari da ba da aro, don gudun kada aron ya zama mallaka. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta rubuce, ta kafa kwamitocin ƙasa masu ba da takardar shaida. Christian Lund, wanda ya yi bincikensa a jahar Damagaram, ya nuna a littafinsa na 1998 cewa jin labarin dokar ya tayar da tsofaffin rigingimu, kowa na gaggawar tabbatar da haƙƙinsa kafin a rubuta. Abin da aka rubuta a takarda kuwa ya fi sauƙin sayarwa.

Jingina ita ce ƙofar da gonar talaka ta fi fita ta cikinta. Mai gona ya karɓi kuɗi lokacin da rumbu ya ƙare, ko ciwo ya shigo gida. Mai kuɗi ya ci gaba da noman gonar har ranar da aka biya shi. Idan shekara ta zagayo ba a biya ba, aka ƙara karɓar wani abu, sannu a hankali jingina ta zama saye. Masu saye su ne ƴan kasuwa, da ma'aikata, da waɗanda tafiya ta yi wa kyau. Mata ne suka fara rasawa. Marthe Doka da Marie Monimart sun nuna a 2004 cewa a kudancin Nijar, inda ƙasa ta yi ƙaranci, mazaje na janye gayaunar da suke ba matansu, wani lokaci da hujjar kulle. Wanda ba shi da gona tafiya ta kama shi. Mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba 2013, akasarinsu mata ne da yara daga ƙasar Kance, maƙwabciyar Magariya.

A cikin gari kuma fili ya sami farashi. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kawo magadan gari masu buƙatar kuɗin shiga, kuma yanka gonakin gefen gari a sayar da su fuloti-fuloti na cikin hanyoyin da suka fi sauƙi. Tun kafin nan, a farkon shekarun 2000, gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashin ma'aikata da filaye, watau ita da kanta ta mai da fili madadin kuɗi. Garin da ya zama hedikwatar gunduma, kamar Dungas a 2011, yakan jawo ma'aikata da jami'an tsaro da na ƙungiyoyin agaji, dukkansu masu neman ɗakin haya. Sababbin kalmomin sun shigo ta ƙofa biyu, kamar kuɗin: fuloti da bulo daga kudu, parsel da tol daga Faransanci.

Yadda ake ginin shi ma abin lura ne. An buɗe bankin gidaje a Yamai a 2018, amma lamuni irin nasa na mai albashi ne. Manomi da ɗan cin rani da kaɗan-kaɗan suke gini: bana a sayi fili, baɗi a ja katanga, wata shekarar a tayar da ɗaki ɗaya, rufi ya jira wata kakar. Kangon da baƙo ke gani ya ɗauka aikin da ya lalace ne, a wurin mai shi asusu ne. Kowane buhun siminti ajiya ce da canjin launin takarda ba zai taɓa ba, wadda kuma ɗan'uwa ba zai zo ya ce a ranta masa ba. Wannan batu na biyu ya nuna nisan da aka yi daga arzikin mutane: a da dukiya takan ƙaru ne idan ta zaga hannun jama'a, yanzu ana neman inda za a kafe ta.

Akwai wani jarin da bai buƙaci kuɗi ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magariya da Matamai da Mirya suka soma barin tsiron itace a gonakinsu suna sassabe shi, musamman gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya taki ƙasa, ƴaƴansa kuma su ciyar da dabbobi da rani. Binciken Mahamane Larwanou da abokan aikinsa a 2006 ya ƙiyasta faɗin wannan farfaɗowa da kimanin hekta miliyan ɗaya. Tarihin baka yana danganta wa Sarki Tanimun doka mai tsanani kan sare gawo. Amma abin da ya dawo da shi a zamaninmu shi ne manomi ya soma ganin itacen gonarsa nasa ne, bayan shekarun da ma'aikatan gandun daji ke cin tarar wanda ya taɓa shi. Haka nan ƙungiyoyin asusun Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta soma a jahar Maraɗi a 1991 bisa tsarin adashi, sun ba mata wurin ajiya da rance ba tare da banki ba.

6. Ma'aunan da suka dace da yankin

Daga abin da ya gabata, muna ganin abubuwa uku ne ya kamata mai son fahimtar tattalin arzikin Dungas ya duba.

Na farko shi ne canji: naira nawa ce jika a bakin ɗan canji, da kuma ko iyaka a buɗe take. Wannan shi ke yanke ribar wake da dabba, shi ke yanke farashin siminti da kwano. A nan canji ne ke yin aikin da kuɗin ruwan banki ke yi a Turai.

Na biyu shi ne tiya nawa ta hatsi akuya ɗaya za ta saya. Shekarar 2005 ta nuna muhimmancin wannan. Hatsi ya yi tsada a arewacin Nijeriya, ya ja na Nijar zuwa kudu, farashi ya ninka. Jama'a suka fito da dabbobinsu lokaci guda, farashin dabba ya faɗi. Ajiyar da aka yi don ranar wuya ta rasa daraja a daidai ranar da aka yi ta dominta. Abin mamaki ga baƙo, yankunan noma na kudancin Maraɗi da Damagaram, har da Magariya, su ne suka cika cibiyoyin jinyar yara masu tamowa, alhali akwai hatsi a kasuwa. Abin saye ne babu.

Na uku shi ne wa ke sayar da gona, kuma a wane wata. Cinikin da aka yi da kaka, mai gona na da zaɓi, dabam yake da wanda aka yi a tsakiyar damina, rumbu ba kome. Takardun kwamitocin ƙasa na ɗauke da ranar ciniki da sunan mai saye da mai sayarwa. Mai bincike zai fi ƙaruwa da su fiye da matsakaicin farashi, wanda ke haɗa mai tara dukiya da mai rabuwa da ita cikin lamba ɗaya.

7. Kammalawa

Mun ga yadda ajiyar dukiya a ƙasar Dungas da Magariya ta tashi daga mutane da dabbobi, ta bi ta kan kuɗin gyaɗa, ta zo ta tsaya a kan gona da siminti. A kowane mataki gudun kuɗin da ke narkewa ne ya tura ta gaba: wuri a ƙarni na 19, naira a 1984 da 1986 da 2023, sefa a 1994. Bambancin matakin ƙarshe shi ne ƙasa ba ta haihuwa kamar garke. Abin da wani ya saya, wani ne ya rasa shi, kuma wanda ya rasa gona ya rasa uwar kuɗinsa. Gidan siminti ma, duk da yana riƙe daraja, ba ya sayuwa da sauri ranar yunwa, kuma in ban da garuruwan da ke da ƴan haya ba ya kawo riba.

Bisa ga haka, shirin da zai amfani yankin shi ne wanda zai ba magidanci wata mafita a watannin wuya kafin ya kai ga jinginar da gona: bankin cimaka da ke sayar da hatsi da rahusa da damina, da rance kan amfanin gonar da aka adana tun kaka, da rubuta gonakin mata da sunayensu. Ga masu nazarin harshe kuma akwai aiki: tattara kalmomin cinikin ƙasa da na canji a kasuwannin Dungas da Magariya da Maigatari, a kwatanta yadda tsofaffi da matasa ke amfani da aro da haya da jingina. Sauyin ma'anar waɗannan kalmomi uku zai gaya mana saurin da gona ke sauya hannu.